Fari ko ruwan madara a ɗakin amarya

Ɗana, na ga saƙonka. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Ka ce abokanka sun ce al'ada ce a yi wa ɗakin amarya farin fenti, kai kuma ranka ya fi kwanciya da ruwan madara.

Babu al'adar da ta ɗaure ka da fari. Abin da muka taso muka gani a cikin birnin Zariya farar ƙasa ce. In salla ko biki ya matso, mata ne ke jiƙa ta a tsohuwar ƙwarya, su sa tsumma su shafe bango, ƙasa kuwa a yi daɓe, a yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har ta yi ja tana sheƙi. Amma farar ƙasa araha ce, shi ya sa ake sabunta ta duk shekara. Fentin yanzu wa zai iya haka? Kuma Zazzagawa ba su taɓa gudun launi ba, je ka tsaya ƙofar fada ka kalli zanen da ke jikinta.

Ni ruwan madara zan zaɓa maka. Ka san ƙurar Zariya ja ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko ka rufe taga sai ta shigo. Farin bango ba ya rufa asiri: gefen makunnin wuta zai yi shatin yatsu, bayan kujera inda ake jingina kai zai yi maiƙo. Ruwan madara yana shanye wannan. Fari dai a bar wa silin, sai kuma in ɗakin ƙarami ne mai taga ɗaya, don ko an ɗauke wuta ba zai yi duhu ba.

Ga inda al'adar take: gyaran gida naka ne, jere na dangin amarya. Kada ka sayi ko bokiti ɗaya sai ka aika ƙanwarka ta tambayo launin labule da kujerun da suka tanada. Girmamawa ce, kuma iyayen yarinya suna lura da irin wannan.

Ka sa mai fenti ya shafa kowanne kaɗan a bango, ka duba da hantsi, ka sake dubawa bayan magariba. In filastar sabuwa ce a bari ta bushe sosai, in ba haka ba fentin zai ɓamɓare. A gama da mako guda kafin ranar jere don warin ya fita. Ka gaida mahaifiyarka.

Gwaggonka