Amsa ga mai koyon binciken asali kan masaƙiyar Blackburn da ta ɓace bayan ƙidayar 1861

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karanta takardar da ka bar mini a kan tebur, na kuma duba kwafin shafukan da ka haɗo da ita. Tambayarka ita ce ko lokaci ya yi da za ka rufe fayil ɗin matar nan ta garin Blackburn da ke lardin Lancashire a Ingila, ka rubuta wa baiwar Allah da ta ba mu aikin cewa kakar kakanninta ta rasu a 1863. Abin da ke hannunka shi ne ka same ta a ƙidayar jama'a ta 1851 tana da shekara 14, tana saƙa a masaƙar auduga, tana zaune a gidan mahaifinta. Ka sake samunta a 1861 tana da shekara 24, ba ta yi aure ba, tare da ɗanta mai shekara uku wanda aka rubuta a matsayin jikan maigida. A ƙidayar 1871 kuwa ka neme ta sama da ƙasa ba ka gan ta ba, sai ka ci karo da mai irin sunanta a jerin mamata na 1863. Amsata ita ce kada ka rufe fayil ɗin, kada kuma ka rubuta wa kowa komai tukuna, domin abin da ka samo suna ne kawai ya zo ɗaya.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a zuciya shi ne yadda ake rubuta mace talaka a Ingila ta wancan zamani. Ba ta da gida na kanta balle sunanta ya shiga littafin haraji, ba ta jefa ƙuri'a, da wuya ta bar wasiyya, kuma kafin dokar 1870 ko kuɗin da matar aure ta samu da guminta na mijinta ne a idon shari'a. Saboda haka duk inda alƙalami ya taɓa ta, jingine take da wani: 'yar wane, matar wane, 'yar aikin gidan wane, ko nauyin da ke wuyan hukumar kula da gajiyayyu ta gunduma kaza. Mu da muka tashi inda mace ke amsa sunanta da na mahaifinta har ta tsufa, sai mun tuna wa kanmu cewa a Ingila ranar da aka ɗaura mata aure sunan gidansu ke faɗuwa daga takardu, ta ɗauki na mijin. Idan mace mai shekara ashirin da 'yan kai ta ɓace tsakanin ƙidaya biyu, abin da mai wannan sana'a zai fara zato shi ne aure. Mutuwa tana iya zama gaskiya, amma sai an tabbatar da ita.

Tabbatarwar ba ta da wuya. Tsohon jerin mamata da ka duba a FreeBMD, shafin intanet mai jerin haihuwa da aure da mutuwa na Ingila, bai fara nuna shekarun mamaci ba sai daga 1866, don haka wadda ka gani a 1863 tana iya zama jaririyar wata uku ko tsohuwa mai shekara tamanin. Jerin da ofishin rajista na ƙasa ya sa a intanet yana nuna shekarun tun daga 1837, sai ka fara da shi. Idan shekarun sun yi kusa da 26, ka sayo takardar shaidar mutuwar, ka duba abu biyu: gurbin sana'a, inda ga mace akan rubuta sana'arta ko a ce 'yar wane ko matar wane, da kuma sunan wanda ya kai rahoton rasuwar da adireshinsa. Idan mahaifinta ne ko 'yar'uwarta, daga layin da muka san suna zaune, to magana ta ƙare. Idan wani baƙon suna ne daga wata unguwa, ka ajiye takardar a gefe, ka ci gaba.

Yanzu ga aikin da ya fi cin lokaci, wato neman aurenta tsakanin ƙidayar 7 ga Afrilu 1861 da ta 2 ga Afrilu 1871. Jerin aurarraki na ƙasa bai fara rubuta sunan abokin aure kusa da sunan mutum ba sai 1912. Kafin nan abin da za ka samu shi ne sunanta, gunduma, lambar littafi da lambar shafi. Daga 1852 kowane shafi yana ɗauke da aure biyu, wato sunaye huɗu, mata biyu da maza biyu. Ka fitar da duk amaren da ke da sunanta a gundumar Blackburn da maƙwabtanta, irin su Preston da Haslingden, ka rubuta mazan biyu da ke shafi ɗaya da kowacce, sannan ka bi mazan nan ɗaya bayan ɗaya cikin ƙidayar 1871. Wanda ka samu da mata mai sunanta na yanka, mai shekara kusan 34, wadda aka ce an haife ta a ƙauyen Ribchester da ke kusa da Blackburn kamar yadda ƙidayar 1851 ta nuna, shi ne za ka kashe kuɗin sayen takardar aurensa. Na san aikin yana da gajiyarwa, yana iya cinye maka yini biyu, amma ban san wata hanya da ta fi shi tabbas ba.

Kana da mataimaki a wannan nema, shi ne yaron. Ka ce ka nemi shi ma a 1871 da sunan gidan mahaifiyarsa ba ka gan shi ba, kuma wannan a wurina alama ce mai ƙarfi. Idan mace ta shiga gidan miji da agola, sau da yawa mai ƙidaya yakan ba yaron sunan maigidan kawai, wani lokaci da sanin iyalin, don a rufe asiri. Ka nemi yaro mai shekara 13 da sunansa na yanka, haifaffen Blackburn, ba tare da ka sa sunan gida ba. Ka lura kuma da gurbin dangantaka, domin kalmar Turancin da a yau take nufin suruki, a ƙidayar wancan lokaci ana yawan sa wa agola ita. Idan ka ga "suruki" ɗan shekara 13 a gidan wani, ka tsaya ka karanta gidan da kyau.

Yana yiwuwa ka same ta a matsayin matar wani amma ka rasa takardar aure ko'ina. Dokar saki ta 1857 ba ta amfani talaka ba, saboda sai an je kotu a Landan an kashe kuɗin da masaƙi ba zai tara ba, don haka namijin da matarsa ta fari ke raye yakan zauna da wata, su gaya wa mai ƙidaya cewa su ma'aurata ne. Aikinmu a irin wannan hali shi ne mu rubuta abin da takarda ta nuna da abin da ba ta nuna ba, cikin mutunta matar, mu tuna cewa zuriyarta ce za ta karanta.

In Allah ya sa takardar auren ta zo hannunka, kada idonka ya tsaya a kan ango da amarya. Ka sauka ƙasan shafin. A farkon shekarun 1840 kusan rabin amaren Ingila ba su iya rubuta sunansu ba, sai dai su yi alamar X, limamin coci ko magatakarda ya rubuta a gefe cewa alamarta ce. Na riƙe irin waɗannan littattafai da hannuna a ma'adanar tarihi ta Lancashire da ke Preston, na ga X ɗin da tawada ta yi yawa a ƙafa ɗaya saboda hannun bai saba da alƙalami ba, kuma a yawancin ayyukanmu wannan alama ita kaɗai ce abin da matar ta rubuta da kanta ya iso gare mu. A ƙarƙashinta akwai shaidu biyu, waɗanda galibi 'yan'uwa ne ko mazan 'yan'uwa, kuma su ne za su tabbatar maka cewa amaryar ita ce tamu. Gurbin shekaru kan ce kawai ta cika shekarun girma, wato 21 ko fiye. Sunan uba da sana'arsa suna nan, amma sunan uwa bai shiga takardar aure a Ingila ba sai a 2021, abin da ya sa bin layin mata ya fi na maza wahala ninki biyu.

Game da shafukan ƙidaya kuwa, ka riƙa tuna hannuwa nawa suka bi kafin su zo maka. Ana raba takarda gida-gida, maigida ya cika ko maƙwabci ya cika masa, mai ƙidaya ya kwafe cikin littafinsa, sannan a zamaninmu wani ya sake karanta tsohon rubutun ya shigar a kwamfuta. A kowane mataki suna na iya karkacewa. Shekara ɗaya ko biyu sama ko ƙasa ba abin damuwa ba ne. Sunan yanka ma yana sauyawa kamar yadda Fatima ke zama Binta, A'isha ta zama Indo: a wurinsu Mary tana zama Polly, Margaret ta zama Peggy, Sarah ta zama Sally, Ann ta zama Nancy. Idan ka ga gurbin sana'arta fayau bayan ta yi aure, kada ka rubuta cewa ta daina aiki. Masaƙun Lancashire sun fi sauran wurare samun a rubuta sana'ar matan aure, amma wankau, da raino, da dafa wa 'yan haya abinci ba su cika shiga takarda ba, alhali da su gidaje da yawa suka rayu.

Ka dubi kuma shekarun da ta ɓace a cikinsu. Daga 1861 zuwa 1865 yaƙin basasar Amurka ya datse audugar da ke zuwa daga kudancin ƙasar, masaƙun Lancashire suka rufe ko suka rage kwanakin aiki, kuma Blackburn, garin da saƙa ce abincinsa, na cikin waɗanda abin ya fi buga wa. 'Yan mata da yawa sun tafi aikatau a gidajen masu hali, wasu sun haura Yorkshire inda ake saƙar ulu, wasu sun shiga jirgin ruwa zuwa Ostareliya. Mace mai ɗa ba miji a irin wannan yunwa tana iya ƙarewa a gidan gajiyayyu da dokar 1834 ta tsara, kuma wasu cibiyoyi irin waɗannan haruffan farko na suna kawai suke ba mai ƙidaya. Idan auren bai fito ba, za mu je Preston mu nemi abin da ya saura na littattafan hukumar gajiyayyu ta Blackburn.

Akwai aikin da ka tsallake a baya, kuma sai ka koma masa. Mai shekara 14 a ranar 30 ga Maris 1851 an haife ta ne a 1836 ko farkon 1837, alhali rajistar haihuwa ta gwamnati ta fara ne ranar 1 ga Yuli 1837. Wato ba ta da takardar haihuwa, littafin baftisma na coci ne kawai zai nuna zuwanta duniya. Littattafan cocin Ingila sun faro tun umarnin da Thomas Cromwell, ministan Sarki Henry na Takwas, ya bayar a 1538, kuma daga 1813 suna da gurabe bugaggu na sunan iyaye, mazauni da sana'ar uba. Ka fara da cocin gundumar Ribchester. Idan babu, ka duba na Katolika, domin yankin yana da su da yawa, kuma littattafansu, duk da galibi da Latin ake rubuta su, sukan ba da sunan gidan uwa da na waɗanda suka tsaya wa jariri. Ka kwafe duk yaran da ke da sunan gidansu cikin shekara goma kafin nan da goma bayan nan.

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne kuskuren da na taɓa yi a farkon shigata sana'ar. Na rubuta wa wani dattijo cewa kakar mahaifinsa ta rasu tana da shekara ashirin da biyar, domin suna da gari da shekaru duk sun dace. Bayan wata shida, ina wani aiki a littafin cocin ƙauyen, na ga 'yan'uwa maza biyu sun sa wa 'ya'yansu mata sunan mahaifiyarsu a shekara ɗaya. Wadda na binne a takarda 'yar baffanta ce. Ita kakar kuwa ta yi aure sau biyu, ta kai ƙidayar 1911, wadda ta tambayi matan aure yawan 'ya'yan da suka haifa da waɗanda suka rasu, kuma a takardar gidansu an rubuta tara, huɗu sun rasu. Dattijon ya riga ya gaya wa danginsa labarin da na ba shi, sai da na je har gidansa na ba shi haƙuri. Tun daga ranar ban ƙara ɗora suna a kan mace ba sai takardu biyu da ba su kwafi juna ba sun yi shaida iri ɗaya.

Ita baiwar Allah da ta ba mu aikin, ka rubuta mata gajeriyar wasiƙa cewa mun tabbatar da matar har zuwa Afrilun 1861, muna kan neman abin da ya biyo baya, kada ka ambaci mutuwar 1863. Ranar Alhamis ka zo mini da shekarun mamaciyar nan, da jerin mazan da ke shafi ɗaya da amaren masu sunanta, da abin da ka samu kan yaron a 1871. Idan lokaci ya ba ka, ka duba gidajen 'yan'uwanta mata biyu da ke tare da ita a shafin 1851, ka ga ko akwai wata mai shekara 34 da ke zaune a wurin ɗayarsu da sunan gidan da ba mu sani ba.

Allah ya yi maka jagora.