Tambaya da Amsa: Dajin Ragadan da Ƙauyen Zi Ain

Wasiƙu uku na ware a wannan fitowa, domin dukansu hanya ɗaya suka nufa, wato Baha, can kan duwatsun kudu da Ɗa'ifa a ƙasar Saudiyya. Na je wurin sau da dama, wani lokaci da iyali, wani lokaci da abokan sana'a, don haka abin da idona ya gani zan faɗa.

TAMBAYA: Kawu, ni haifaffiyar Makka ce, a Hindawiyya nake aure, 'ya'yana huɗu. Da an shiga hutun makaranta zafi ya kulle su a ɗaki, ba abin da suke yi sai waya da faɗa. Maigidan ya ce mu je Baha kwana uku, wai akwai daji. Ni ban taɓa wuce Ɗa'ifa ba. Da gaske akwai daji a ƙasar nan? Kuma me za mu yi a cikinsa da yara?

AMSA: 'Yata, akwai daji, kuma maigidanki ya kawo shawara mai kyau. Ban ga laifinki ba da kika yi shakka. Wanda ya tashi a Makka tsakanin unguwannin Misfala da Jarwal, dutsen da ya sani baƙi ne, ƙonanne, ko ciyawa ba ta zama a kansa. Amma wannan jerin duwatsu da ake kira Sarawat, idan kika bi shi kudu, ƙara tsawo yake yi yana ƙara sanyi. Garin Baha yana sama da mita 2,000 daga bakin teku. Daga Makka tafiyar kamar kilomita 300 ce, ki hau ta Hada ki faɗa Ɗa'ifa, sannan ki miƙe kudu. Ku ba wa hanyar awa huɗu zuwa biyar, ban da tsayawar salla da cin abinci. A watan da Makka take wuce ma'auni 40, a can da la'asar iska ce mai daɗi, da dare kuwa sai ƙaramin cikinku ya nemi bargo.

Dajin da aka fi zuwa shi ne Ragadan, yana gefen garin, tafiyar 'yan mintuna a mota. Kada ki sa ran irin dajin da iyayenmu suke ba mu labari na gida, mai kuka da ɗorawa da kaɗanya. Itacen nan daban ne. Larabawa suna ce masa ar'ar. Ganyensa ƙanana ne ƙwarai, a manne da reshe, kore shar rani da damina, 'ya'yansa kamar ƙananan duwatsun wuya masu shuɗi-shuɗi. Ki murza ganyen a yatsa ki shinshina, wani ƙamshi ne mai kama da turaren wuta tun ba a ƙona shi ba. Irinsa ne yake fitowa a tuddan Habasha da na Kenya. A tsakaninsa za ki ga zaitun na jeji, wanda suke kira utum, da itatuwan ƙaya dangin bagaruwa.

Abin da ya fi burge ni game da ar'ar shi ne yadda yake shan ruwa. Ruwan sama a wurin bai kai ya riƙe daji shi kaɗai ba. Sai dai iska tana ɗebo danshi daga Bahar Maliya, ta ratsa kwarin Tihama, ta yi karo da bangon dutsen, ta hau. Tana hawa tana sanyi, har ta zama gajimare a daidai inda itatuwan suke tsaye. Ganyen sai ya tace wannan gajimaren, ɗigo ya taru, ya ɗiɗɗiga a gindin itacen. Na taɓa tsayawa a ƙarƙashin wani babba da hantsi, ba a yi ruwa ba, amma ƙasar da ke gindinsa jiƙe take sharkaf, taku biyar daga nan kuwa ƙura ce. A wasu rassan akwai wani farin abu da yake reto kamar gemun tsoho, shi ma da wannan danshin yake rayuwa. Ki nuna wa yaran wannan. Sun karanta a makaranta yadda ruwa yake tashi daga teku ya dawo ƙasa, a nan za su taɓa shi da hannu.

To ga inda nake so ki saurare ni sosai. Mutanenmu da yawa, da ma 'yan ƙasar, idan sun isa Ragadan, abin da suke yi shi ne su faka mota, su shimfiɗa darduma a gindinta, su buɗe tukunyar shinkafa, su ci, su sha shayi, su koma. Sun zo daji, amma ƙafarsu ba ta shiga daji ba. Ni wannan yana ba ni takaici, don tafiyar awa biyar aka yi. Akwai hanyoyin ƙafa da aka shimfiɗe da dutse, akwai matakala, akwai wurin wasan yara da masallaci, kuma hanyar tana kai mutum har bakin gangaren inda ƙasa take yankewa ki hango Tihama can ƙasa, da titin da yake murɗewa a jikin dutse kamar igiya. Ku fito bayan asuba, kafin jama'a su cika. A lokacin ne za ku ji kukan tsuntsaye, a lokacin ne kuma ƙamshin itacen ya fi tashi. Ku yi tafiyar awa ɗaya a hankali. Tsayin wurin yana sa numfashi ya yi sama-sama ga wanda ya saba da kwari, saboda haka babu gaggawa. Takalmi mai rufi za ku sa, silifa tana zamewa a kan jiƙaƙƙen dutse.

Abu biyu ki kiyaye. Na farko gwaggon biri. Suna da yawa, garke-garke, kuma sun saba da mutane har ba sa tsoro, saboda masu jefa musu abinci daga mota. A gabana wani babba ya fizge ledar gurasa daga hannun jikata, yarinya 'yar shekara shida, ta kwana tana firgita. Kada yara su riƙe abinci a hannu suna tafiya, kada su miƙa musu komai, kada kuma su jefe su da dutse. Na biyu hazo. Yana sauka ba sallama. Wata rana ni da ɗana muka bar shimfiɗaɗɗiyar hanya muka bi wata 'yar turbar awaki, cikin minti goma ba na ganin abin da ya wuce tsawon hannuna, ga shi na san akwai gangare kusa. Zama muka yi a kan dutse muna salati kusan rabin awa har ya yaye. Idan ya same ku, ku tattara yaran ku zauna, kada kowa ya ce zai nemo hanya.

Ku tafi da iƙamarku, wato takardar izinin zama, akwai shingayen bincike a hanya. Ɗakin haya kuma a kama tun kafin a tashi, don lokacin hutu garin cika yake yi. Idan kuna da niyyar umara a dawowa, miƙatin Wadi Muhrim yana kan hanyarku ta Hada.

TAMBAYA: Malam, ni direba ne a Jidda. Mu shida muke shirin hawa Baha ƙarshen mako mu gasa rago. Abokina ya ce ba sai mun sayi gawayi ba, busasshen itace yana nan birjik a dajin. Haka ne?

AMSA: Ɗan'uwa, ku sayi gawayinku tun daga Jidda. Doka ta hana sare itacen ƙasar nan da ɗibarsa da sayar da shi, akwai jami'an tsaron muhalli da suke zagayawa, tarar kuma tana iya cinye albashin watanni. Hura wuta a ƙasa a inda ba a tanada ba shi ma laifi ne. Ku tafi da murhun ƙarfe mai ƙafa, ku tambayi masu gadin wurin inda aka yarda a gasa nama, in kun gama ku kashe garwashin da ruwa.

Ko da babu tara ma ba zan so ku taɓa shi ba. Ar'ar ba ya saurin girma. Wanda kaurinsa ya kai a rungume shi da hannu biyu ya girmi kakanka. Kuma wanda abokinka ya gani a bushe, sau da yawa rabinsa ne ya bushe saboda fari, ɗaya rabin yana raye yana fafutika. Ganyensa da ɓawonsa akwai mai a jiki, wuta tana kama shi nan take, ga iskar kan dutse.

Mutanen wurin, Gamidawa da Zahranawa, tun kafin a kafa wata hukuma suna da tsarin da suke kira hima. Ƙabila takan keɓe wani yanki ta ce ba sara, ba kiwo sai a lokaci kaza, wani wurin ma don ƙudan zuma kawai ake barinsa, wanda ya karya kuwa dattawa su ci shi tara. Himar Bani Sar da ke kusa da Baha tana cikin waɗanda aka fi sani. Abin yana da asali a addini, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Mu ma a ƙasar Hausa muna da hurumi a bayan gari, wanda ba mai nomawa. Dajin da za ku zauna a inuwarsa, irin wannan haƙurin ne ya bar mana shi.

TAMBAYA: Kawu, mahaifiyata ta zo umara daga Katsina, za ta yi wata biyu a wurina. Ta ga hoton wani ƙauye na dutse a wayata ta ce tana son ganinsa. Zi Ain ne. Tana da ciwon gwiwa. Ya kamata in kai ta?

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka kula da abin da ranta yake so. Ka kai ta. Mai bizar umara yanzu yana da izinin zagaya garuruwan ƙasar, saɓanin bizar aikin hajji. Amma ka san abu ɗaya tukuna: Zi Ain ba a kan dutse take tare da dajin ba, a ƙasa take, a ɓangaren Tihama, kusa da Mikwa. Tsakaninta da Baha bai fi kilomita 25 ba, sai dai gangara ce tsantsa, ta ramukan da aka fasa cikin dutse da gadoji. Kana sauka kunnenka yana toshewa, sanyin yana guduwa. A lokacin zafi, da rana ta ɗaga wurin ba ya zaunuwa ga tsohuwa. Ku sauka da sassafe, ko kuwa ku bari sai watannin sanyi, lokacin da saman yake cikin hazo ƙasan kuma yake daidai. Ka duba birkin motarka kafin gangarar, ka sauka da ƙaramin giya.

Sunan ma zai yi wa Hajiya daɗi. Ain a Larabci ido ne, kuma kamar yadda muke cewa idon ruwa, su ma haka suke cewa. Zi Ain, mai idon ruwa ke nan. Ruwan yana fitowa daga gindin dutse, ba ya ƙafewa, an yi masa ƙananan magudanai yana ratsa lambuna. Akwai ayaba, da lemun tsami, da ɗoɗɗoya, da wani tsiro mai dogon ganye mai ƙaya da suke kira kadi, wanda furensa ake sa wa cikin tufafi don ƙamshi. Wannan ɓangaren a kwance yake, akwai inuwa da wurin zama, gwiwarta ba za ta wahala ba.

Daga nan za ta ɗaga kai ta ga ƙauyen gaba ɗaya, kuma a ganina daga nan ya fi kyau. Gidajen a kan wani farin tsauni suke, sun hau kan juna, wasu hawa biyu, wasu har huɗu. Ana ƙiyasta shekarunsa kusan 400, kuma a 2015 aka sa shi cikin jerin wuraren tarihi da Saudiyya ta gabatar wa hukumar UNESCO. Ginin falalen dutse ne aka jera ɗaya bisa ɗaya, bango mai kauri, tagogi ƙanana, don zamanin da aka yi shi ana hare-hare tsakanin ƙabilu. A saman bangon an jera fararen duwatsu masu ƙyalli, an yi ado da su mai kusurwa uku-uku. Irin wannan adon za ka gani a dogayen hasumiyoyin dutse da ke tsaye a kan tuddai tun daga hanyar Ɗa'ifa, waɗanda aka yi don tsaro da ajiyar hatsi.

Kai ka hau, ka bar ta a lambu da wani. Matakalar tana da tsayi kuma ba daidai take ba. Idan ka shiga ɗaya daga cikin ɗakunan da aka gyara, ka kalli rufin. Azarar da ke ciki ar'ar ce, daga dajin can sama aka sauko da ita, a tsakiyar ɗakin kuma akwai ginshiƙin katako mai faɗin kai da suke kira zafir, shi yake ɗauke da nauyin rufin. Mutumin Katsina ba baƙo ba ne a nan, domin aikin da azarar giginya take yi a soron gida shi ne wannan, ita ma don gara ba ta cinta aka zaɓe ta. Ka ɗauko mata hoton rufin da na ƙofofin masu sassaƙa, za ta fi ka sanin abin da take kallo, ita da ta tashi tana ganin Gobarau.

Da kun hau sama kuma, idan ranar Asabar ce, ku biya ta Baljurashi, akwai tsohuwar kasuwa da take ci ranar. A nan za ka samo mata zumar sidir, wato ta furen magarya, ta kai tsaraba Katsina. Ka ɗanɗana kafin ka biya, ka kuma zuba ta a mazubin roba mai murfi, a naɗe shi da kyau cikin babbar jaka, don ba a yarda a shiga da ita cikin jirgi a hannu ba.