Amsa ga ɗalibin Aliero kan robar poliketon

Ƙanena, ka tambaya yadda ake sauya poliketon don a daidaita jure zafinta da ƙarfinta.

Fara da ginin sarƙar, domin poliketon roba ce da aka gina da dogayen sarƙoƙi na ƙananan ƙwayoyin sinadarai. Ana haɗa iskar kabon monoksaid da iskar etilin, sinadarin faladiyum na ingiza haɗin. Idan su biyu ne kaɗai, sai zafi ya kai wajen digiri 255 a ma'aunin Selshiyos robar take narkewa, ta yi wuyar sarrafawa. A zuba ɗan furofilin, wata iska 'yar uwar etilin, sarƙoƙin su kasa jeruwa tsaf, narkewar ta sauko wajen 220.

Wanda ya fi burge ni shi ne haɗin Paal-Knorr, hanyar sauya sarƙar bayan an gina ta. Amin, wani sinadari mai naitirojin, yana kama rukunin kabonil biyu na jikin sarƙar (wato kabon haɗe da iskar oksijin), a samu zoben da ake kira firol, ruwa ya fita. Idan amin ɗin na ɗauke da furan, wani zoben sinadari mai oksijin, sai a ɗaure sarƙoƙin da juna da bismaleyimid, sinadari mai hannu biyu da ke kama furan ta kowane gefe, ta hanyar haɗin da ake kira Diels-Alder. Robar ta yi tauri. A dumama ta sama da digiri 120, ɗaurin ya kwance, ta huce ya koma. Yawan ɗaurin ne ke ƙayyade taurin.

Af, furan ɗin daga sinadarin furfural yake, wanda ake samu a totuwar masara da ɓuntun shinkafa, irin wanda ke jibge bayan injinan casa a Argungu.