Tambayi Likitan Dabbobi: Karena Ya Yi Ƙiba, Yaya Zan Yi?

Tambaya: Likita, karena ya cika ya batse, mutanen gida na cewa ƙoshin lafiya ne. Ta yaya zan gane ko ƙibar ta wuce kima?

Amsa: Malam, ido yakan yaudari mutum, balle a kan kare mai yawan gashi. Hannu za ka sa. Shafa gefen ƙirjinsa: in kana jin haƙarƙarin kamar yadda kake jin ƙasusuwan bayan hannunka, lafiya lau. In kuwa sai ka danna kafin ka taɓo ƙashi, kitse ya rufe shi. Ka kuma tsaya a kansa ka duba, ya kamata ƙugunsa ya ɗan tsuke. Mu likitoci muna ba jikin kare maki daga 1 zuwa 9, kuma 4 da 5 su ne daidai.

Tambaya: Zan iya hana karyata abinci na kwana biyu don ta rame da wuri?

Amsa: Kada ki soma, Hajiya. Yunwa ba kitse kaɗai take ci ba, har tsoka take zabgewa. Abin da ake so shi ne ta riƙa sauke kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinta a mako. In kilo 30 gare ta, giram 300 zuwa 600 ke nan, wato aikin watanni ne.

Ki riƙa auna abincinta a sikeli, ki daina ƙiyasi da ido. Amma inda gizo ke saƙar shi ne ɗan abin da ake jefa mata daga faranti. Sau da yawa mai kare na bin doka, can kuma wani mai tausayi a gidan na miƙa mata loma a ɓoye, don ta langaɓe kai ta zuba masa ido. Irin wannan ƙwalama kada ƙarfinta ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abincin yini. Yankan karas ya wadatar. Albasa, inabi da cakulan kuwa guba ne gare ta.

Wahalar ba ta banza ba ce. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna karnuka nau'in Labrador da aka rage wa kashi 25 cikin ɗari na abinci sun fi 'yan'uwansu daɗewa a duniya da kusan shekara biyu.

Tambaya: Na rage abinci, kullum muna zagayawa, amma nauyinsa ko gezau. Sai barci, gashinsa kuma na zubewa.

Amsa: Wannan sai gwajin jini. Raunin tayiroid, ƙullutun nan na maƙogwaro, yana kawo daidai abin da ka faɗa, kuma yana da magani. In yana yawan shan ruwa da fitsari, tumbinsa ya sauko, za a duba cutar Cushing, wadda ke sa jiki ya riƙa fitar da sinadarin cortisol fiye da kima. Kafin nan kada ka tilasta masa gudu, gaɓoɓinsa na ɗauke da kaya. Tafiyar minti goma da sanyin safiya ko yamma ta isa, in ya fara haki yana zama ku koma gida.