Ga mai tafiya karatu Faransa da hijabinta

Ƙanwata, kin ce kin gama a Jami'ar André Salifou, kin samu gurbin ƙaro karatu a Faransa, amma mutanen gida sun tsorata wai tun daga filin jirgi za a cire miki hijabi. Ki kwantar musu da hankali, dokoki biyu ne ake cakuɗawa.

Ta 2004 ta hana sanya alamar addini da ke fitowa fili a makarantun gwamnati daga firamare zuwa lise (babbar sakandare), ba ta kai jami'a ba. Hana abaya da aka yi a 2023 ma can ya tsaya. Ta 2010 ita ce ta hana rufe fuska a titi, kasuwa da motar haya, tararta na kaiwa Yuro 150, kusan jika 98 na sefa. Niƙabi dai sai ki bar shi Damagaram, hijabi kuwa ki shiga aji da abinki.

Inda ƙafa ke zamewa shi ne hoton katin zama: kai buɗe suke karɓa, ko ɗankwali aka gani sai a maido da takardun. Sai koyon aiki. In an tura ki asibiti ko ofishin gwamnati, ƙa'idar ma'aikatansu ta hau kanki, ba kya rufe kai a bakin aiki. Kamfani mai zaman kansa ma tun 2016 yana iya sa wannan sharaɗi cikin dokokinsa na cikin gida, don haka ki nemi ganinsu kafin ki sa hannu. Ranar jarrabawa ana iya cewa ki nuna kunne, na'urar satar amsa ake nema. Ɗakin gwaji kuma dogon hijabinmu mai jan ƙasa haɗari ne kusa da wuta, ki tanadi gajere na auduga da ake cusawa cikin riga.

Bakin mutane ya fi doka gajiyarwa. Da yawa sun riga sun yanke cewa uba ko miji ne ya tilasta miki, har wata ta riƙa tausaya miki tsakani da Allah. Kada ki buɗe wa'azi, ba shi aka tambaye ki ba. Ki ce ke kika zaɓa, ki mayar da hira kan karatu. Turawan da suka musulunta ma ba su tsira ba, su cewa ake yi don aure suka yi, ko da ba su da miji. Za ki same su a masallatan garin, kuma sun fi kowa sanin wuraren aikin da ke karɓar mai hijabi, su za ki fara tambaya.