Tambaya da Amsa: Me sufayen Yahudawa ke cewa game da cikas a rayuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun da gobara ta cinye shagona na atamfa, duk abin da na sa hannu sai ya ƙi gaba. Wani maƙwabcina malamin makaranta ya ce mini Yahudawa suna da irin nasu sufancin, wanda ke koyar da cewa akwai haske a ɓoye cikin kowane cikas. Ina asalin wannan magana? Daga mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya mayar maka da mafificin alheri. Ilimin da maƙwabcinka yake nufi shi ne Kabbala, wanda babban littafinsa, Zohar, ya bayyana a Sifaniya a ƙarshen ƙarni na 13. Amma batun cikas ya fi fitowa fili a koyarwar Ishaƙu Luriya, wanda ya karantar a garin Safad da ke yankin Galili, a arewacin Isra'ila ta yau, har rasuwarsa a 1572. Garin a lokacin cike yake da zuriyar Yahudawan da aka kora daga Sifaniya a 1492, wato mutanen da suka san zafin rasa gida da dukiya dare ɗaya.

Luriya ya ce a farkon halitta an zuba hasken Ubangiji cikin wasu mazubai, hasken ya fi ƙarfinsu, suka farfashe, tartsatsinsa ya watsu a duniya, ɓawo ya lulluɓe shi. Aikin ɗan Adam, wanda suke kira tikkun, shi ne ya 'yanto tartsatsin nan ta hanyar ibada da kyautata mu'amala. Abin da ya fi taɓa zuciyata a nan shi ne, a ganinsu karyewa ta riga laifin kowane mutum, don haka wanda masifa ta faɗa wa ba ya da dalilin zama yana tuhumar kansa dare da rana. Abin da ke gabansa shi ne ya duba wane gyara ne ya rataya a wuyansa.

Daga baya wani malamin Yahudawa, Rabbi Nahman na garin Breslob, a Yukren ta yau, ya koyar da cewa Ubangiji Yana ɓoye a cikin cikas ɗin kansa, kuma mai hankali a nan yake neman Sa. Bai faɗi haka cikin jin daɗi ba, domin ya binne matarsa da wasu 'ya'yansa, sannan tarin fuka ya kashe shi a 1810 yana da shekara 38.

Wajibi ne in ja hankalinka cewa wannan ba aƙidarmu ba ce, kuma su kansu malaman Yahudawa sun yi saɓani kan ko zahirin waɗannan siffofi ake nufi ko misali ne kawai. Musulmi yana da abin riƙo a Suratus Sharhi, inda aka maimaita cewa tare da tsanani akwai sauƙi. Amma sanin yadda wasu al'ummu suka fuskanci baƙin ciki yana da amfani, musamman a gari irin Jos da ya sha ganin asara.

Shawarata ita ce ka je wurin dilolin da suka ba ka kaya bashi, ku zauna ku tsara yadda za ka biya a hankali, sannan ka nemi abokan sana'arka da wutar ta shafa, ku ga ko za ku haɗa adashi.