Amsoshin Tambayoyinku: An ga mayeloma a jini, a fara magani ko a jira?

Tambaya daga Runjin Sambo: Assalamu alaikum Malam. Baba na da shekara 67, an yi mishi gwajin jini kan wani dalili daban sai aka ga wani furotin ya yi yawa, aka tura mu wajen likitan jini, aka ɗebi ɓargo, aka ce mayeloma ce amma wai ba ta tashi ba, mu dawo bayan wata uku, ko ƙwaya guda ba a rubuta mishi ba. Yayanmu ya ce a saida gonarmu ta Wamakko a kai shi Misra ko a sawo maganin daga Indiya. Mi ya kamata mu yi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kar ku saida gonar nan tukuna. Na san abin da ke cin ranku, an ce kansa kuma an sallame ku hannu biyu, sai mutum ya ga kamar an raina shi ne ko an fidda rai, alhali abin da likitan ya yi shi ne ka'ida ko a Misran kuka je.

Mayeloma kansa ce ta wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cikin ɓargo, in suka yawaita sai su riƙa zuba furotin iri guda cikin jini, shi ne M-furotin da gwajin jini mai suna SPEP ke nunawa. To ganin furotin ɗin kawai ba ya sa a fara magani. Akwai matakin farko da ake ce wa MGUS, furotin bai kai 3 g/dL ba, ƙwayoyin cikin ɓargo ba su kai kashi 10 ba, cikin mutum 100 masu wannan kusan mutum 1 ne a shekara yake juyewa cuta sosai. Sai mataki na biyu, mayeloma da ke kwance ba ta fara ɓarna ba, da alama nan Baba yake. Binciken da asibitin Mayo na Amurka ya fitar a 2007 ya nuna kusan kashi 10 ne ke tashi duk shekara a shekaru 5 na farko, daga nan ya sauka kashi 3, sannan kashi 1. Ka ga akwai waɗanda za su shekara goma ba su buƙaci komai ba, su kuwa magungunan nan ba wasa ba ne, bortezomib na taɓa jijiyoyin ƙafa da hannu, lenalidomide da thalidomide na iya daskarar da jini a jijiya, dexamethasone na ɗaga suga. Ba a ɗora wa dattijo mai tafiya masallaci da ƙafarshi wannan kaya sai da dalili.

Dalilin shi ne ɓarna, kuma a takardar rizol ake ganinta. Kalsiyam ya haura 11 mg/dL, ko kiriyatinin, gwajin da ke nuna aikin ƙoda, ya wuce 2 mg/dL wato 177 a ma'aunin µmol/L da wasu dakunan gwaji ke rubutawa, ko jini ya yi ƙasa, Hb ƙasa da 10 wanda kusan PCV 30 ke nan, ko hoto ya nuna ƙashi ya fara cinyewa. Ɗaya daga cikinsu ya isa, matuƙar likita ya tabbatar mayelomar ce ta jawo, don a nan namu maleriya da tsutsar ciki da ciwon suga da hawan jini duk suna rage jini ko su taɓa ƙoda. A 2014 ƙungiyar likitocin mayeloma ta duniya ta ƙara abu uku da ake fara magani a kansu ko da ɓarnar ba ta bayyana ba: ƙwayoyin sun kai kashi 60 na ɓargo, ko ma'aunin FLC, gwajin jini da ke kwatanta ƙananan gutsattsarin furotin ɗin iri biyu, ya kai 100, ko hoton MRI ya nuna tabo fiye da ɗaya a ƙashi.

Nan ne nake so kuɗinku su tafi. Ku tambayi likita kai tsaye, an yi wa Baba FLC, an yi MRI ko CT na ƙashi? Hoton ƙashi na yau da kullum sai ƙashin ya ci sosai yake nunawa, don haka "hoto lafiya lau" ba ta isa shaida ba. Ku kuma tambayi lambobi uku, M-furotin ya wuce 2 g/dL, ma'aunin FLC ya wuce 20, ƙwayoyin sun wuce kashi 20 na ɓargo? Wanda ya haɗa biyu daga ciki kusan rabinsu cutar na tashi cikin shekara 2, irin wannan ana matso mishi da ranar gwaji, a Turai da Amurka ma an fara ba wasunsu magani da wuri. Ku riƙa yin gwajin a wuri guda in da hali, ku tara takardun a fayil guda da kwanan wata, domin likita ya fi damuwa da inda lambar ta dosa fiye da lambar yau. Batun sawo magani daga Indiya ba takardar likita kuwa ku bar shi, allurar kansa ba a sayenta a aje a firji jiran rana, ga jabu ya cika kasuwa.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Bodinga: Maigidana shekararshi 55, ciwon baya ya hana shi barci, PCV ɗinshi 24, kiriyatinin 260, hoto ya nuna ramuka a ƙashi. Likita ya ce a fara magani, shi kuma ya ce sai an cire albasa an saida. Yanzu diclofenac yake sha daga kemis da jiƙe-jiƙe. Zai iya jiran wata biyu?

Ba zai iya ba 'yar'uwa, kuma ki gaya mishi haka ko ki samu wanda yake jin maganarshi cikin 'yan'uwa ya gaya mishi. Alamu uku cikin huɗun ɓarna da na lissafa a sama ya haɗa. Ƙodar ce ta fi tayar min da hankali, furotin ɗin nan toshe ƙananan hanyoyinta yake yi, in aka fara magani da wuri sau da yawa tana farfaɗowa, in aka ja lokaci sai a koma wankin ƙoda sau biyu ko uku duk mako, kuɗin da albasar shekara ba za ta riƙe ba. Diclofenac da ibuprofen ya daina daga yau, su ne ke ƙarasa ƙodar mai mayeloma, jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba ma haka, likita zai rubuta mishi maganin zafi da ya dace. Ya riƙa shan ruwa sosai musamman da zafin Sakkwato na watan huɗu da biyar, sai in likita ya ƙayyade mishi, azumi ma sai an tambayi likitan.

Kar kunyar rashin kuɗi ta sa ku ɓace daga asibiti. Ku faɗi ƙarfinku a fili, akwai haɗin ƙwayoyi irin su thalidomide da cyclophosphamide da dexamethasone, ko melphalan da prednisolone, da sun fi allurar bortezomib sauƙi, likitan jini shi zai zaɓa gwargwadon ƙodar. Amma ki sani thalidomide na nakasa jariri a ciki, ko namiji ne ke sha dole a ɗauki matakin hana ɗaukar ciki, mai juna biyu kuma kar ta taɓa ƙwayar. In kika ga ƙafafunshi sun yi nauyi ko sun mace, ko fitsari ya riƙe ko ya riƙa zubowa bai sani ba, ko ya rikice yana ƙishirwa da amai, ko zazzaɓi ya rufe shi, kar ku jira ranar kilinik, ku ɗauke shi zuwa sashen gaggawa na asibitin koyarwa na UDUTH ko da tsakar dare ne, ki tafi da duk takardun gwajin.